Daga Zariya Zuwa Ƙofar Gida: Laburare da Mafarin Bincike a Dutsin-Ma da Kurfi

Lokacin da aka yanko Jihar Katsina daga tsohuwar Jihar Kaduna a watan Satumba na 1987, babu jami'a ko guda a cikinta. Ɗan Kurfi ko ɗan Dutsin-Ma da Allah ya nufa da karatu mai zurfi, sai ya ɗaure kayansa ya nufi Zariya, ko Kano, ko Sakkwato. Littattafan da ake bincike da su ma can suke. Ilimi kam akwai shi a garuruwanmu tun fil azal: ga zaurukan malamai da gafakokinsu cike da fiƙihu da nahawu da tafsiri, ga dattawan da suka haddace jerin hakimai da yaƙe-yaƙe da shekarun yunwa. Amma irin ɗakin da mutum zai shiga da tambayarsa ya tarar an jera masa abin da ɗaruruwan mutane suka rubuta a kanta, kowane littafi da lambarsa da mazauninsa, wannan sai an yi tafiya.

A Zariya na yi nawa karatun, zamanin da sai an bi ta kan kati ake kaiwa ga littafi. Laburaren Kashim Ibrahim na Jami'ar Ahmadu Bello shi ne ɗakin karatu mai hawa-hawa na farko da na taɓa shiga. Mutum ya ajiye jakarsa a bakin ƙofa, ya wuce da biro da takarda, in zai fita a duba abin da ke hannunsa. Abin da ke fara tarbarsa akwatunan kati ne, ƙananan aljihunan katako jere reras, wasu an tsara su bisa sunan marubuci, wasu bisa sunan littafi, wasu bisa fanni. Kowane kati da lamba a kusurwarsa, lambar nan kuwa ita ce adireshin littafin a kan kanta. Har gobe yawancin jami'o'in Najeriya tsarin Laburaren Majalisar Dokokin Amurka suke bi wajen raba waɗannan lambobi: tarihin Afirka yana ƙarƙashin DT, na Najeriya daga DT515, harshen Hausa da adabinsa daga PL8231 zuwa PL8234, aikin gona kuwa harafin S. Wanda ya riƙe harafin fanninsa ya huta da yawon banza.

Akwai wani alheri a wannan tsari da har yau ban ga abin da ya gaje shi ba. Ka je neman littafi ɗaya, ka tarar wani ya riga ka arowa, amma ga maƙwabtansa na dama da na hagu, duk a kan magana ɗaya suke, waɗanda ko sunansu ba ka taɓa ji ba. Kana tsaye ka buɗe wannan, ka leƙa wancan, ka juya zuwa manazartar da ke ƙarshensa, sai ka ga sunan wani marubuci yana ta dawowa a littafi uku ko huɗu. Nan take ka gane cewa wannan mutum ba a tsallake shi a fagen. Da haka muka san manyan kowane fanni, ba tare da wani ya rubuta mana jerin sunayensu a allo ba.

Ma'aikatan laburare kuwa malamai ne da ba sa shiga aji. In ka je wa ma'aikaciyar sashen ƙamusoshi da kundayen sani ka ce kana son littafi a kan waƙa, ba za ta tashi daga kujera ba sai ta tambaye ka: “Wace waƙar, ɗana? Ta baka ko rubutacciya? Ta fada, ta noma, ko ta siyasa?” Kafin ka gama amsawa, rabin aikin ya ragu. Daga nan ta tura ka inda ake farawa. Ɗalibin Hausa ya fara da ƙamus ɗin Bargery na 1934 da na Abraham, ya duba Hausa a Rubuce na Ibrahim Yaro Yahaya da ya fito a 1988 don ya ga wa ya rubuta me kuma a wace shekara, sannan ya gangara wajen mujallun ilimi, sannan ya shiga ɗakin kundayen digiri, waɗanda ba a ba da aronsu. Kuɗin fotokofi ba kowa ke da shi ba, don haka da hannu ake kwafar abin da ake so a ƙananan katuna, a sa sunan marubuci da shekara da lambar shafi a sama. Aiki ne mai cin rai, amma yana tilasta wa mutum zaɓe. Wanda zai kwafi sakin layi da hannunsa sai ya karanta shi sau biyu ya tabbatar ya cancanci wahalar.

Wanda ya nuna wa 'yan ƙasar Katsina iyakar abin da za a iya yi da irin wannan horo shi ne Dakta Yusufu Bala Usman, haifaffen Musawa, wanda ya rasu a 2005. Littafinsa The Transformation of Katsina, 1400–1883, da maɗaba'ar Jami'ar Ahmadu Bello ta buga a 1981, daga kundin digirinsa na uku ya fito. Duk wanda ya duba ƙarshen littafin zai ga ƙafa uku aikin ya tsaya a kai. Akwai littattafan da aka riga aka buga. Akwai rubuce-rubucen hannu na Larabci da takardun gidan adana tarihi na ƙasa da ke Kaduna. Akwai kuma hirarrakin da ya yi da dattawa a garuruwa da ƙauyukan ƙasar Katsina, har ƙetaren iyaka zuwa ƙasar Maraɗi, inda zuriyar tsofaffin sarakunan Katsina suka kafu bayan jihadi. Laburare ya nuna masa abin da Turawa da malaman da suka gabace shi suka faɗa, da inda maganarsu ta yi rauni. Daga nan ya san tambayar da zai kai wa dattijon ƙauye. Da bai fara da kanta ba, da sai ya yi ta tambayar abin da aka riga aka sani. Da kuma ya tsaya a kanta, da bai ƙara komai ba.

Sai zamani ya juya. A 2005 aka buɗe jami'ar Musulunci a Katsina, wadda yanzu ake kira Al-Qalam. A 2006 gwamnatin jiha ta kafa tata, wadda daga baya aka raɗa wa sunan Umaru Musa 'Yar'aduwa. A 2011 kuma gwamnatin Goodluck Jonathan ta kafa sababbin jami'o'in tarayya guda 9, ɗaya ta faɗo Dutsin-Ma, Farfesa James Ayatse ya zama shugabanta na farko. Dama garin ya saba da ɗalibai, domin Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita ta daɗe tana yaye malamai a nan. Amma jami'a ta zo da wani abu daban: digiri na farko, daga baya na biyu da na uku, kowanne da kundinsa. A 2011 ɗin ne kuma aka yi dokar asusun TETFund, wanda ke ware wa manyan makarantun gwamnati kuɗin gine-gine da sayen littattafai da kayan laburare daga harajin da kamfanoni ke biya.

Wanda ya san Dutsin-Ma kafin nan ya ga yadda ta sauya: gidajen haya na ɗalibai, shagunan fotokofi da buga takardu da ɗaure kundi, masu abinci, 'yan acaba. Abin da ya fi faranta mini rai shi ne 'yan mata. Na san gidaje a Kurfi da ba za su taɓa barin ɗiyarsu ta tafi Zariya ba, ko don kuɗi ko don nisa, amma suka yarda da Dutsin-Ma, tunda hanya ɗaya ce daga Katsina ta bi ta Kurfi ta shiga can. Yarinyar da a zamaninmu karatunta zai tsaya a sakandare, yau tana da katin laburare da sunanta a jiki. Duk wani ƙorafi da zan yi a ƙasa, bayan wannan yake zuwa.

Ba ginin jami'a kaɗai ya matso ba. Wayar salula ta shigo ƙasar nan a 2001, intanet ta biyo bayanta cikin aljihu. Mujallar da muke jira wata da watanni ta iso ta jirgi, wani lokacin ma a daina sayenta saboda tsadar kuɗin waje, yanzu tana iya buɗuwa a tafin hannu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta buɗe HINARI a 2002, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta biyo da AGORA a 2003, don jami'o'in ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi su sami dubban mujallu kyauta ko a farashi mai rahusa. Akwai AJOL, inda aka tara mujallun da ake bugawa a Afirka, namu na Najeriya da yawa a ciki. Akwai Google Scholar tun 2004. Sai dai wasu daga cikin waɗannan ƙofofi ba sa buɗuwa sai da mabuɗin shiga, mabuɗin kuwa a hannun laburaren jami'ar da ta yi rajista yake. Ɗalibai da yawa sukan gama karatu ba su san akwai shi ba, alhali tambaya ɗaya a teburin sashen kwamfuta ta isa.

A nan ne damuwata take. Mu ƙarancin littafi ya dame mu, na yanzu kuwa yawansa. Ɗalibi ya rubuta kalma uku a waya, sakamako dubu-dubu ya zubo masa, babu abin da zai nuna masa wanne masana suka tace kafin a buga, wanne kuma kuɗi kawai aka biya aka ɗora. Kanta tana da wannan kariyar, domin duk littafin da ke kanta sai da wani ma'aikaci ya zaɓe shi, ya ba shi lamba, ya ajiye shi kusa da 'yan'uwansa. A waya, maƙalar farfesan da ya ƙare rayuwarsa a fanni da rubutun wanda ya kwana ɗaya yana haɗe-haɗe kamanninsu ɗaya. Ga masu sayar da furojet a intanet, su nuna babi na ɗaya kyauta, su ce a turo kuɗi a karɓi saura. Tun ƙarshen 2022 kuma ga manhajojin da ke rubuta wa mutum babi sukutum, har da manazarta, wani lokaci da sunayen littattafan da ba a taɓa rubutawa ba. Malamin da ya san fanninsa yakan gane. Amma ko bai gane ba, asarar tana kan yaron, domin shekarar ƙarshe ita kaɗai ce damarsa ta koyon yadda ake bin tambaya har a kai ga amsarta, kuma wannan ne abin da zai yi masa amfani ko a ofis ya ƙare, ko a gona, ko a kasuwa.

Ba na ɗora laifin duka a kan yara. A jami'o'inmu, darasin koyon amfani da laburare yana cikin kwasa-kwasan da ɗalibai ke kira GST, a aji ɗaya ake yin sa, lokacin da yaro bai san abin da zai yi da shi ba. Ya haddace, ya ci jarrabawa, ya manta. Sai bayan shekara uku a ce ya kawo take. A ganina, lokacin da ya kamata ma'aikacin laburare ya zauna da ɗalibi shi ne makon da aka raba masu duba aiki, sashe-sashe, kowane rukuni da irin mujallun fanninsu a gabansu. Ga kuma yajin aiki, irin na 2022 da ya kwashe wata 8, wanda in an dawo sai a matse zango, a ce kundi ya fito cikin 'yan makonni. Mai gaggawa ba ya zama ya karanta.

Ɗiyar ƙanwata ta zo mini da nata taken bayan hutun Sallah. Tattalin arzikin noma take karanta, ta rubuto tana son ta binciki tasirin noman rani a kan tattalin arzikin Najeriya.

Na ce, “Najeriya duka, 'yar nan? Wace gona kika taɓa shiga a cikinta?”

Ta ce, “Kawu, ai shi ne ake samun abin rubutawa da yawa a intanet.”

Gaskiyarta, kuma wannan ne ciwon. Abin da aka riga aka cika rubutu a kansa shi ne mai sauƙin kwafa, shi ne kuma wanda ba ya bukatar ta. Na tuna mata da madatsar ruwan Zobe, wadda aka kammala a 1983 a kan kogin Karaduwa, ga ta nan kusa da garin da take karatu. Shekaru aka yi ana kukan ba a ci moriyar ruwan yadda aka tsara ba, sai a 2021 aka ƙaddamar da aikin ruwan sha daga gare ta. Su wa ke noma a gefenta? Me suke shukawa, ina suke kaiwa, nawa man injin ban ruwa ke ci daga ribarsu? Masuntan fa? Na ce kada ta je wurin manomi ko ɗaya tukuna. Ta fara zuwa laburare, ta gaya wa ma'aikacin sashen bincike abin da take nema da bakinta, ta nemi kundayen waɗanda suka gabace ta a sashensu, ta karanta babi na biyu da na biyar na duk wanda ya taɓo noman rani a yankin, ta rubuta abin da kowa ya gano da abin da ya ce a ƙara bincikawa. Sannan ta nemi maƙalu a kan wasu madatsun arewa, irin su Bakolori da Tiga, waɗanda aka fi yin rubutu a kansu, ta ga irin tambayoyin da aka yi a can. Da ta dawo, takenta ya koma layi ɗaya da rabi, da sunan amfanin gona ɗaya da ƙauyuka biyu a ciki. Ta kuma zo da abin da ya fi taken daraja: ta ce ta lura duk waɗanda ta karanta maza kawai suka tambaya, ba wanda ya shiga gida ya ji ta bakin matan da ke busar da tumatir da barkono. Wannan giɓin ba wanda ya nuna mata shi, karatu ne ya fito da shi.

Sai dai fita fagen bincike a yankinmu yanzu ba kamar zamanin Bala Usman ba ne. Matsalar 'yan bindiga ta rufe hanyoyi da yawa ta wajen Safana da Batsari da Ɗanmusa, ta taɓa ƙauyukan Kurfi da Dutsin-Ma, ta kai har ga sace ɗalibai mata daga gidan hayarsu a cikin gari a watan Oktoba na 2023. Ba uban da zai so ɗansa ya shiga ƙauye da takardar tambayoyi a irin wannan hali, ba kuma malamin kirki da zai tura shi. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Dutsin-Ma da Kurfi, ba a maido ba sai a Disamba. A waɗannan watanni duk wanda karatunsa ke cikin waya ya koma hannu rabbana, sai ya hau mota zuwa inda ake samun sabis. Littafin da ke kan kanta kuwa yana nan inda aka ajiye shi. Duk mai cewa a daina sayen littafin takarda tunda komai na intanet, ya tuna da waɗannan watanni.

Rashin tsaron nan ya ɗora wa laburaren jami'a wani nauyi da ban ji ana yawan maganarsa ba. Laburare rumbu ne, ana ɗiba, amma sai ana zubawa. Ɗalibin da ya nemi rubutu a kan Legas ko Landan zai samu har ya gaji. Ya nemi na Birci ko Wurma ko Karofi ya gani. Tarihin sarautar 'Yandakan Katsina a Dutsin-Ma da ta Maraɗin Katsina a Kurfi, labarin maharbi Ma da ake danganta sunan garin da shi, hanyoyin fatake da burtalin shanu, yadda aka tashi ƙauyuka lokacin gina madatsa, mafi yawan wannan a kawunan mutane yake da akwatunan gidaje. Mutanen nan kuwa wasu sun rasu, wasu gudun hijira ya watsa su cikin garuruwa, takardun wasu sun ƙone tare da ɗakunansu. Kurfi ta ba ƙasar nan Alhaji Ahmadu Kurfi, wanda ya yi sarautar Maraɗin Katsina, ya riƙe sakataren hukumar zaɓe ta FEDECO a zaɓen 1979, ya kuma rubuta littafi a kan zaɓukan 1959 da 1979. Shi ya rubuta nasa ya bari. Sauran dattawan da suka yi aikin En'e, da alƙalai, da malaman gona, da ungozomomi, da sarakunan ruwa, ba su rubuta ba, kuma ba za su rubuta ba sai an je an zauna da su.

Gidan Arewa da ke Kaduna, wanda aka kafa a 1970 ƙarƙashin jagorancin Farfesa Abdullahi Smith, da irin wannan tattarawa ya zama wurin da masana ke zuwa daga ƙasashe. Ba sai an yi babban gini ba kafin a fara irinsa a Dutsin-Ma. Ɗaki ɗaya ya isa, da kwamfuta, da na'urar ɗaukar hoton takardu, da ma'aikaci guda da ya iya karanta ajami. Dattawan da rikici ya koro cikin gari suna nan kusa, ana iya samunsu ba tare da an shiga daji ba. Duk ɗalibin da ya yi hira da wani don kundinsa, a nemi ya ajiye kwafin muryar a laburare bayan ya sami izinin mai maganar, da sunan garin da ranar da aka yi hirar. Malamin da ke da tsofaffin takardun kakanninsa a ɗauki hotonsu a mayar masa da kayansa a ranar, domin tsoron kada a karɓa a hana shi ne ke sa mutane ɓoyewa. Kundayen da ɗalibai ke ɗaurewa duk shekara kuma a yi musu jeri bisa sunan gari, yadda wanda ya zo neman Zobe ko Kurfi zai ga duk abin da aka taɓa yi a wuri ɗaya, ya ɗora daga inda aka tsaya.

Ɗiyar ƙanwata ta ce za ta yi hirarta da matan ne a gidajen danginsu da ke cikin Dutsin-Ma, ranakun da suka shigo da kaya. Na ce ta ɗauki muryoyinsu da izininsu, ta ajiye da kyau, in ta gama ta kai wa laburare kwafi tare da kundin, ko da ba a tambaye ta ba.